Lamba Takwas na Gidan Azariya

'Ya'yan Azariya goma ne, kuma babu wanda ya taɓa zama benci ɗaya da shi ya tashi bai san haka ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, kafin a kai ga addu'a sai ya sako zancen. A da mai tsaron mararrabar jirgin ƙasa ne a Kafanchan, aikinsa ɗaga jan ƙyalle da sauke shi, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ke tuƙa jirgin. Ya taɓa zuwa gwajin shiga soja yana saurayi, aka sallamo shi tun a wurin awon ƙirji. Tun daga ranar yake tafiya ƙirji a gaba, yana son a kira shi Kwamanda.

Abin da ya tsaya masa a rai a wannan shekara shi ne kujerar shugaban Zumuntar Maza ta cocinsu da ke bayan layin dogo. An sa zaɓen ranar Lahadin Godiya, da an tashi sujada. Abokin takararsa Silvanus ne, wani malamin firamare mai sanyin murya, wanda 'ya'yansa biyu rak. Wannan biyun ita Azariya ya mayar makamin yaƙi.

Wata rana maza suna zaune a gindin mangwaron coci, ya gyara murya ya ce, "Mutumin da ya riƙe rai goma a gida, riƙe Zumunta ai wasa ne. Kai Silvanus, biyu fa! Ko kazar gidana ta fi ka."

Silvanus ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Gaskiya ne, Baban Yemima. Amma abin da muke gani da ido, Maman Yemima ne yake riƙe gidan. Kai dai suna ka ba da."

Aka kwashe da dariya har wani dattijo ya ƙware. Azariya ma ya yi dariyar, amma ta tsaya masa a haƙora. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, don a can ƙasan zuciyarsa bai tabbata ƙarya ba ce.

Sai ga dama ta zo da ƙafarta. Matarsa Caroline za ta tafi taron Zumuntar Mata a Kwoi, ba za ta dawo ba sai safiyar Lahadin, kuma daga mota coci za ta wuce. To a Lahadin Godiya, al'adar ita ce a kira kowane gida da suna, su fito sanye da anko, su taka rawa tun daga ƙofa har gaban bagade da abin da gona ta ba su. Duk ikkilisiya tana kallo, tana auna wane gida ne ke da tsari. Azariya ya ga in ya fito da goman nan a jere, matarsa ba ta sa hannu ba, bakin Silvanus ya mutu.

Caroline ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, tana dubansa irin duban da ake yi wa tukunyar da aka bari a wuta.

"Baban Yemima, bari in kira ƙanwata ya zo ya kwana da su."

"Ba na son kowa! Mace, kin manta wa kika aura?"

"Na tuna, shi ya sa."

Ta shafa kan Peculiar, 'yarta mai shekara shida, wadda ta yi wa kitso da duwatsu masu launi saboda ranar, ta hau babur ta tafi tana waiwaye.

Ƙurar babur ba ta kwanta ba Azariya ya busa usur. Ya tara yaran a tsakar gida ya sanar da sabuwar gwamnati. Daga yau babu suna, sai lamba. Yemima babba ita ce Ɗaya, haka aka gangara har tagwayen goye, Tara da Goma. A cewarsa suna ɓata lokaci ne, kafin ka kira Kaleb ka kira Meshak ka gane ba shi kake nufi ba, rana ta faɗi. Doka ta biyu kuwa, babu mai buɗe baki sai Kwamanda ya ba da izini.

Suka wuni ranar Asabar ana fareti. Yana cewa "Ƙirga!" su kuma suna ihu, "Ɗaya! Biyu! Uku!" har goma. A kan guntuwar katangar da ta raba su da gidan Mijinyawa mai sayen citta, wani yaro yana zaune yana kallo, baki buɗe. Irfan ke nan, ɗan Mijinyawa da Larai, sa'an Peculiar kuma abokin wasanta. Gidajen biyu sun daɗe da zama kamar ɗaya, yaran nan su ci tuwo can, na can su sha kunu nan. Kafin la'asar Irfan ya haddace faretin fiye da masu shi.

Safiyar Lahadi Azariya ya fara da tukunya. Ya ɗora wake, ya ga wake ba ya da niyyar bin oda, sai ya ɗauko kanwa dunƙule guda ya jefa. Yemima ta zaro ido.

"Dadi, izini."

"Babu izini. Wake ma ya san wa ke gida yau."

Waken ya nuna kuwa, ya yi baƙi ya narke. Yaran suka ci suna kallon juna, shi kuma yana zagaye su yana tambaya ko uwarsu ta taɓa dafa wake da sauri haka.

Daga nan ya fito da babban shirinsa. Soja ba ya tara suma, saboda haka kowa aski, ƙwal. Yemima da mai bi mata da suka zama 'yan mata ya ƙyale su, don ko shi ya san inda tsoro yake. Sauran kuwa, mace da namiji, ya ce su ja layi bayan turmi. Ya ɗaga ledar fanke sama ya ce duk wanda ya zauna bai motsa ba yana da guda biyu.

Ya jona injin aski ya fara. Uku ya wuce, Huɗu ya wuce. Yana tsakiyar kan Kaleb, Lamba Biyar, ya buɗe hanya tun daga goshi har ƙeya, sai aka ɗauke wuta. Injin ya yi shiru da wata 'yar suma a bakinsa. Azariya ya daka masa duka, ya hura masa iska, ya kira sunan Ubangiji, injin bai kula shi ba. Sai ya ɗauko reza da sabulun wanki. Kaleb ya tashi daga turmin da kai kamar gonar da aka yi wa noman gaggawa, nan fili, nan ciyawa, ga auduga a manne wuri uku.

Peculiar tana layi tana kallon wannan aiki. Ta taɓa duwatsun kitsonta, ta dubi rezar, ta dubi kan Kaleb. Ba ta nemi izini ba. Ta sulale ta bayan randa, ta haura guntuwar katanga, ta faɗa ɗakin Larai ta shige ƙarƙashin gado. Irfan kuwa da ya ga layi ya yi giɓi, ga fanke yana ƙamshi, sai ya diro ya cike gurbin.

"Na gaba!" in ji Azariya, gumi yana zuba, idonsa na kan rezar.

Irfan ya zauna ya sunkuyar da kai. Azariya ya shafa ƙeyar ya yi murmushin jin daɗi.

"Kun ga wannan ƙeya? Ƙeyar babana ce sak. Jini ba ya ɓuya."

"Dadi, izini," in ji Yemima da sauri.

"Ɗaya, kin cika surutu kamar uwarki. Babu izini!"

Yemima ta rufe bakinta da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Ta dubi ƙannenta, suka dube ta, kuma a wannan kallon kaɗai aka gama shawara. Tun da Kwamanda ya ce shiru, to shiru za a yi masa har ya ƙoshi.

Ankon Caroline ta jera shi a kan gado kafin ta tafi, daga babba zuwa ƙarami. Azariya ya riƙa ɗauka yana jefawa. Na takwas doguwar riga ce mai tattara a ƙugu, da ɗan kallabinta. Irfan ya riƙe ta nesa da jikinsa.

"Baba Azariya, wannan ai na ma..."

"Kwamanda! Kuma wa ya ba ki izini? Ɗaya, sa mata."

Yemima ta zura masa rigar, ta ɗaura masa kallabi har gira, ta cusa masa fanke a baki. Aka ja layi a ƙofar gida, kowa da doya ko ƙullin citta a ka, Kaleb yana jan bunsurun baiko da igiya.

"Ƙirga!"

Aka ƙirga. Da aka zo kan takwas, wata murya ta amsa da ƙarfin da ya fi na kowa. Goma cif. Azariya ya ji ƙirjinsa ya buɗe, har ya yi fatan masu awon nan na da suna kusa.

Ya ƙi a hau mota. Ya ce da ƙafa za su bi ta bakin kasuwa don gari ya shaida. Suka kama hanya yana gaba yana "Hagu, dama!" Masu babur suka riƙa rage gudu suna sara masa, mata a ƙofar gidaje suna guɗa suna tambayar wace annoba ce ta faɗa wa kawunan yaran. Shi duk yabo yake ji, yana ɗaga musu hannu.

A bakin kasuwa Mijinyawa yana tsaye gaban buhunan cittarsa yana duba awo.

"Maƙwabci! Yau bataliya guda ka fito da ita? Allah ya raya!"

"Amin, maƙwabci. Ka gani da idonka, babu mace a ciki wannan aikin."

Lamba Takwas ya haɗiye fanke ya washe baki. "Abba!"

Mijinyawa ya sunkuyo ya dafa kallabin. "Na'am, 'yar albarka. Kai, yarinyar nan akwai ladabi. Da Irfan ɗina zai yi koyi da ke da na huta." Ya zaro dabino a aljihu ya ba shi, ya koma kan awonsa.

Yemima ta durƙusa a gefen hanya kamar mai gyara takalmi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Suna tsallake layin dogo kanwa ta fara aikinta. Shida ne ya fara riƙe ciki, ya ajiye doya ya ruga bayan wani kango ba tare da izini ba. Bai dawo ba Huɗu ya bi shi. Tagwayen ba su ma wahalar da kansu da neman kango ba. Azariya yana tsaye a titi yana busa usur, wannan ya dawo wancan ya tafi, bunsuru kuma ya samu sarari ya cinye rabin ganyen alayyahon da za a kai gaban bagade. Mutum ɗaya ne bai motsa daga layi ba, don shi bai ci waken ba.

"Ku dubi Takwas!" Azariya ya daka musu tsawa. "Ƙarama ce, amma ita kaɗai ta gaji cikina. Ƙarfe!"

Sun iso coci ana tsakiyar kiran gidaje. Matan Zumunta sun dawo daga Kwoi, suna zaune a gaba da zanensu iri ɗaya, suna buga tulu da caki. Gidan Silvanus ya riga ya wuce, mutum huɗu da kwandon lemo, ba hayaniya. Sai magatakarda ya ɗaga murya ya kira gidan Azariya.

Kai, gaskiya sun shigo da kyau. Kiɗa ya ɗauka, kawuna suna ƙyalli, Azariya yana gaba yana juyi yana ɗaga farin hankici. Takwas ya saki jiki yana tiƙar rawa har kallabi ya karkace. Mutane suka miƙe suna tafi. Azariya ya saci kallon Silvanus ya ga ya daina murmushi, sai daɗi ya kama shi har ya ƙara juyi biyu da ba a shirya ba. Bai lura tulu ɗaya ya daina ƙara ba. Caroline ce ta tsaya da hannu a sama, idonta yana bin layin daga farko zuwa ƙarshe, ya sake komowa.

Fasto ya sa aka tsai da kiɗa, yana dariya. "Halleluya! Ɗan'uwa Azariya, mun ji kai kaɗai ka shirya su. Gabatar mana da su, ikkilisiya ta san albarkar da Ubangiji ya ba ka."

Azariya ya karɓi makirfo kamar an miƙa masa kujerar tun yanzu. Ya fara daga Yemima lafiya lau. A kan Huɗu da Shida ya ɗan yi tuntuɓe, ya kira Meshak sau biyu, amma ya rufe da tari. Da ya zo kan Takwas sai ya ɗaga shi sama gaba ɗaya.

"Wannan kuwa Peculiar ce, 'yar gaban goshina. Ku duba hancin, ku duba goshin. Ko cikin yara dubu aka ɓoye ta, ido rufe zan zaro ta. Uba na gari ya san nasa!"

"Amin!" in ji Fasto. Ya kai makirfo bakin yaron. "Peculiar, me za ki gode wa Allah a kai yau?"

Yaron ya dubi Azariya. "Kwamanda, izini?"

"An ba ki! Yi magana duniya ta ji."

"Alhamdu lillahi na ci fanke huɗu. Kuma ni sunana Irfan Mijinyawa."

Ya cire kallabin da ya dame shi ya jefar. Bunsuru ya ci gaba da tauna igiyarsa. Sai wata tsohuwa a baya ta saki wata irin dariya, daga nan rufin kwano ya ɗauka. Mai ganga ya kife a kan gangarsa. Fasto ya juya baya yana duban bango, kafaɗunsa suna sama da ƙasa.

Caroline ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tulu ta taso.

"Baban Yemima, ina 'yata?"

"Na ƙirga fa. Goma ne. Allah ya sani na ƙirga."

"Ban tambaye ka lissafi ba. Ina Peculiar?"

Amsar ta zo daga ƙofa. Larai ce tsaye da mayafinta a kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da Peculiar, ɗayan riƙe da hannun rigar Mijinyawa da ta janyo tun daga kasuwa. Ta yi sallama, ta nemi afuwar Fasto, ta ce musanye ta zo yi.

Mijinyawa ya hango ɗansa cikin doguwar riga, kai a aske, sai ya fizge hannunsa ya kumbura. "Haba maƙwabci! Ɗana guda ka mayar mace, ka aske shi, ka kawo shi rawa? Wane irin uba ne bai san ɗansa ba?"

"Abba, ai ka ba ni dabino ɗazu," in ji Irfan. "Ka ce ni 'yar albarka ce."

Larai ta juyo a hankali ta dubi mijinta. "Kai ma?"

"Kallabin ne... ya rufe..."

"Rufe bakinka, Malam. Ku biyun a turmi ɗaya ya kamata a zaunar da ku."

Dariyar ta sake tashi, har da masu riƙe ciki. Silvanus ya cire tabarau yana share hawaye. Azariya ya buɗe baki zai ce ai wannan ma shaida ce ta zaman lafiya da maƙwabta, wadda shugaba ke bukata, sai idonsa ya faɗa kan Peculiar. Tana tsaye da tsohuwar rigar barcinta, kitson yana nan da duwatsunsa, ga yanar gizo a kai, fuskar duk ta yi jirwaye da kuka. Ita kaɗai ce a cocin ba anko, ba kwalliya. Ta tako ta tsakiyar mutane har gabansa.

"Dadi, na jira ka zo ka neme ni. Na ji kun tafi da usur. Ba ka zo ba."

Kunyar jama'a daban, wannan kuma daban, don ta fi ciwo nesa ba kusa ba. Ya durƙusa ya ɗauke ta, ita kuma ta saƙale wuyansa ta ƙanƙame.

Ba ta sake shi ba har aka yi wa'azi, aka yi addu'ar rufewa. Caroline ta miƙa hannu, yarinyar ta maƙe kafaɗa. Yemima ta lallashe ta da sauran fanke, ta kawar da kai. Dole da ita Azariya ya shiga taron maza a gindin mangwaro, ya zauna a ƙarshen benci tana kan cinyarsa, ta riƙe hannayensa biyu ta naɗe su a cikinta.

Magatakarda ya ce masu son Silvanus su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi ko'ina, har da na waɗanda suka sha shayin Azariya suka yi masa alkawari. Sannan ya ce masu son Azariya.

Azariya ya duba dama, ya duba hagu, kowa yana nazarin ganyen mangwaro. To ko ba komai ai yana da tasa ƙuri'ar, ba za a ce ya tashi a tutar babu ba. Ya fara zare hannunsa na dama a hankali. Peculiar ta ƙara damƙe shi, ta ɗago kai.

"Dadi, kar ka sake ni. Za ka manta ni kuma."

Magatakarda yana jira, ya ma ɗan ƙara masa lokaci saboda tausayi. Azariya ya dubi hannun, ya dubi ƙananan yatsun da suka riƙe shi, ya bar shi inda yake.

"Ɗan'uwa Azariya," in ji magatakarda, "babu ko ɗaya."